Sunan da Inna Azumi Ba Ta Faɗa

Ranar Talata, tara ga watan Maris na 2021, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe na fara ganin Inna Azumi. Ba haddacewa na yi ba, yana rubuce a rajistar baƙi ta ofishinmu. Ni akawu ne a ofishin wani lauya a Agege, a bene hawa na biyu kusa da gadar Pen Cinema, kuma shekara goma sha tara ke nan duk wanda ya shigo ina rubuta sunansa da lokacin zuwansa da abin da ya kawo shi. A gaban sunanta na rubuta: tambaya kan sayar da yaji ta waya.

Ƙamshin citta da kanumfari ya riga ta shigowa. Gajeriyar mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, da mayafi ruwan toka, tafin hannunta duk ya yi kanta saboda taɓarya. A bayanta akwai wata matashiya da goyo, waya a hannu. Ita ce Mufida, 'yarta ta fari, kuma ita kaɗai Allah ya raya mata.

Daga Malumfashi Inna Azumi ta zo Legas a 1989, tare da mijinta mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Da ya rasu a 2012 ba ta koma gida ba. Ta ci gaba da dakan yajin da ta koya a wurin kakarta, tana ƙullawa a leda, masu tsire daga Agege har Iyana Ipaja suna aiko a karɓa musu. Yajin ba shi da suna, na Azumi kawai ake cewa. Mufida ce ta kawo shawarar a zuba shi a roba mai murfi, a manna masa takarda, a buɗe masa shafi a intanet.

Na tambayi sunan da za a sa wa kasuwancin. Inna Azumi ta ɗaga kai tana kallon fankar sama.

"Ba za ta faɗa ba, Oga Gambo," in ji Mufida. "Ko alƙali ka kawo mata. Rubuta Yajin Mufida. Ni na zaɓa, don ta riƙa ganinsa kullum tana jin haushi."

"Yarinyar nan ba ta da kunya," in ji uwar. "Legas ta cinye ta."

"Legas ta cinye ni, amma da yajinki ta haɗa."

Irin tarbiyyar da Inna Azumi ta taso da ita ke nan: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Yarinyar nan take cewa, ko ke. Maƙwabtanta Yarabawa kuwa, da al'adarsu ta kiran uwa da sunan ɗan fari, Iya Mufida suke ce mata. Shekara talatin tana amsawa, ba ta taɓa maimaitawa ba.

Ina da takarda guda da na buga wa masu irin wannan tambaya, na bi ta da su layi-layi. Na ce da farko a yi wa sunan kasuwancin rajista a hukumar rajistar kamfanoni, da sunan mai shi na ainihi da katinsa na ɗan ƙasa. Na ce wannan kaɗai ba ta isa ta kare sunan da ke jikin kaya ba, shi tambari rajistarsa daban, ofishinsa daban. Abinci kuma in za a rufe shi a roba a sayar, sai an duba wurin da ake haɗa shi an ba shi lambar hukumar abinci da magunguna ta NAFDAC, kuma takardar jikin robar dole ta nuna abin da ke ciki da ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace. Ga lambar haraji, ga asusun banki da sunan kasuwancin. Lambobin wayar masu saye da adireshinsu kuwa amana ce, doka ta hana a ba wani. A ƙasan takardar akwai layin da nake ja wa jan biro, shi ma na karanta musu: wanda sunansa ke kan takarda, shi doka ta sani.

Mufida ta ce duk mijinta Ridwanu zai yi ta kwamfuta, gyaran kwamfuta ne ma sana'arsa a Ikeja. Na ce babu laifi, su zauna shi da Inna su cike tare. Mufida ta fashe da dariya har jaririyar ta farka. Uwar ta ja mayafi ta rufe baki.

Sai a lokacin na gane yadda gidan yake. Shekara biyar da auren, Inna Azumi da surukinta ba su taɓa zama a ɗaki ɗaya ba. In ya zo gaisuwa, a bakin ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa, ya gaishe ta ta bayan labule. In ta hango shi a layi, sai ta shige gidan maƙwabta har ya wuce. Shi haifaffen Agege ne, jikan tsohon soja, mahaifiyarsa Bayarabiya, bai taso da wannan ba. Saboda ita ya koya, ya kuma riƙe shi fiye da 'yan Arewar ma. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu, ta bakin Mufida take bi.

Sun dawo ranar Alhamis, sha bakwai ga Yuni, don in ɗauki kwafin takardun da suka samu. Sun yi ƙoƙari ƙwarai. Sun kama ƙaramin ɗaki sun sa masa tayil da ragar taga saboda masu dubawa, turmin ya bar tsakar gida ya koma can. Na karanta takardun ɗaya bayan ɗaya. Rajistar kasuwanci, takardar neman tambari, asusun banki, lambar wayar shafin, duk suna ɗaya ne a kai, Ridwanu Abdurrahim.

Ba da wata manufa ya yi ba. Wurin cikewar ya nemi hoto da kati da sa hannu. Katin Mufida ya ɓata a motar haya ta danfo tana jiran sabo. Na Inna kuwa yana cikin kwallarta, shi kuma ya kasa buɗe baki ya aika a karɓo masa hoton surukarsa da katinta. Sai ya sa nasa, kafin a gyara.

Na gaya musu gyaran ba wuya. Takarda ɗaya a ƙara sunanta a rajistar, ɗaya kuma ya mayar mata da tambarin, sa hannu biyu an gama.

"Malam Gambo," in ji Inna Azumi, "in aika wa mijin 'yata cewa ya cire sunansa? Yaron da ya yi ta wahala a kaina? Ya ce na ɗauke shi ɓarawo?"

Na ce ba zargi ba ne, tsari ne.

"A ofishinku tsari ne. A gidana zagi ne."

Mufida tana gyara goyo ta ce in kwantar da hankalina, ai tana tsakani, ina za ta je. Na ce to ni zan kira shi da kaina, tun da ni ba surukinsa ba ne. Na kira ranar Litinin, ashirin da ɗaya ga wata, bai ɗauka ba. Na rubuta a gefen rajista: a sake kira. Ban sake ba. Ayyuka suka taso, ni ma kuma na ga ba abin gaggawa ba ne. Duk aikin da na gama nakan soke layinsa. Wannan yana nan ba a soke ba.

Kasuwar ta buɗe. Masu kai saƙo suka san ƙofar gidan, ana aikawa Lekki da Abuja, matafiya zuwa waje suna saye katan-katan. Mufida ce ke amsa waya da Hausa da Yarabanci da Turancin Legas, ita ce ke ɗaukar bidiyo. Hannun uwar kaɗai ke fitowa a ciki, don ta ƙi yarda a nuna fuskarta. Inna Azumi ba ta karatun boko, amma ta san siffar sunan nan, kuma aiki ɗaya ne ba ta barin kowa ya yi mata, manna takardar a jikin roba. Takan daidaita ta, ta bi ta da babban yatsa daga farkon sunan zuwa ƙarshensa har ta kwanta. Wata rana da Mufida ta kawo mini roba biyu kyauta, ta ce ta gaya wa uwarta, bakinta ya ƙi faɗa amma yatsanta ya faɗa sau dubu. Uwar ta jefe ta da murfi.

Ranar Lahadi, sha biyu ga Fabrairun 2023, da hantsi, Mufida ta rasu wajen haihuwa ta biyu, ita da abin da ke cikinta. Na je gaisuwa ranar uku. Inna Azumi na zaune a tabarma, jikarta Umaima a cinyarta, tana amsa gaisuwa da murya daidai. Matan Arewa suna ta yaba dauriyarta. Wata maƙwabciya Bayarabiya ta shigo tana kuka tana kiran Iya Mufida, Iya Mufida. Na ga ta amsa kamar kullum, sannan ta sunkuyar da kai ta daɗe ba ta ɗago ba.

Inna Azumi ta kulle ɗakin dakan. Abin da ya faru bayan nan daga baya na haɗa shi, daga bakin mutum uku.

Wayar shafin tana hannun Ridwanu. Kullum tana ƙara, mutane suna neman Madam Mufida, wasu suna faɗa don an yi jinkirin kayansu. Yakan yi bayani ya ajiye, wata ta shigo. Wata huɗu yana haka. Akwai wani kamfanin haɗa kayan ƙamshi a Isolo da tun da ran matarsa ya nemi a sayar masa da sunan. Suka sake zuwa. Ya ga in ya ba su, wayar za ta yi shiru, tsohuwa za ta huta, abin da aka samu kuma ya zama na karatun Umaima. Amma bai yarda ya yi ba da izininta ba. Wadda ke kai maganarsa ba ta nan, don haka ya aiki gwaggonsa Khadijat.

Khadijat ta tarar da mace mai makoki. Ta kasa cewa sayarwa. Ta ce Ridwanu na gaisuwa, yana cewa ko za ta huta da aikin nan, ya ba wasu su riƙe. Inna Azumi ta ba da amsar da suruka ke bayarwa, ta ce duk yadda ya yi daidai ne, Allah ya yi masa albarka. Khadijat ta koma ta ce ta yarda. Ya sa hannu a watan Yuli. Tun da sunansa ne a kan kowace takarda, babu wanda doka ta ce a tambaya.

A ƙarshen Satumba Inna Azumi ta buɗe ɗakin. Ta gaya mini ba don ciniki ba ne, hannunta ne ya ƙi zama. Akwai sauran takardun mannawa ɗari huɗu a kwali. Ta daka, ta tankaɗe, ta zuba, ta manna. Wata maƙwabciya ta ɗauki hoton robobin ta sa a wayarta cewa yaji ya dawo. Hoton ya yi ta yawo har ya kai Isolo.

Ranar Litinin, sha shida ga Oktoba, ta hawo matakalarmu ita kaɗai da ambulan a hannu. Wasiƙa ce daga lauyan kamfanin. Ba zafi a cikinta, a taƙaice take: sunan mallakarsu ne, ta daina sa shi a jikin kaya, ta miƙa sauran takardun. Na karanta mata da Hausa. Ta ce in sake. Na sake.

"Sunan wa suka ce nasu ne?"

Na ce sunan yajin.

"Ni na haife ta, Malam Gambo. Ubanta ya yanka rago. Su a ina suke?"

Na kawo mata ruwa. Ta ciro wata roba daga jaka ta ajiye a tebur, na kamfanin ce, ta saya a kanti a hanya. Takardar iri ɗaya, launi ɗaya. Ta buɗe ta miƙo mini in shinshina. Ta ce gishiri ne da barkono da kala, babu kimba, babu masoro, ƙuli-ƙulin ma ba a soya shi ya yi ba. Ta ce yanzu wanda ya ci zai ce haka hannun yarinyar nan yake.

Maigidana, Barista, ya karɓi maganar ba tare da ya nemi komai ba. Ya rubuta wa kamfanin. Ridwanu da ya ji abin da ya faru ya je Isolo sau uku yana roƙon a mayar da cinikin. Suka ce sun riga sun buga kwalaye, sun shiga kantuna, kuma da gaskiyarsu, ba su saya a ɓoye ba. Barista ya ce hanya ɗaya ta rage, kuma ba mai tabbas ba ce, don kafin rajistar yajin ba shi da suna. Sai dai a je kotu, ta rantse cewa kasuwancin nata ne, surukinta riƙo kawai yake yi, kuma ya sayar da abin da ba nasa ba. Dole sunansa ya shiga cikin waɗanda ake ƙara. Ya ce kafin nan yana son ganinsu tare.

Ranar Talata, ashirin da uku ga Janairun 2024, ƙarfe sha ɗaya, suka zauna a ɗaki ɗaya karo na farko. Zama dai na ce. Ita ta juya kujera tana fuskantar kabad ɗin fayil. Shi ya ƙi kujera, ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa kamar a gidanta. Ya rame har rigarsa tana masa yawa.

"Inna, na aiko," ya ce. "Aka ce kin yarda."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Malam Gambo, gaya masa na san ya aiko."

"Ki kai ni kotun, Inna. Zan tsaya in ce na ci amana. In hakan zai dawo da shi, zan faɗa."

"Gaya masa ƙarya ba kyau."

Barista ya ce a fara rubuta takardar rantsuwar, in ta ji yadda take sai ta yanke shawara. Aikina ne in yi tambaya in rubuta amsa. Na tambayi sunanta da shekarunta da adireshinta, ta faɗa. Na tambayi shekarar da ta fara dakan yaji, ta faɗa. Tambaya ta biyar ita ce sunan da take cewa nata ne. Na san amsar, kuma ina shirin rubutawa da kaina. Barista ya ce a'a, rantsuwa ce, daga bakinta za ta fito, a kotu ma haka za a nema.

Ana jin kwandastan danfo a ƙasa yana kiran Iyana Ipaja.

"Mufida," ta ce.

A hankali ta faɗa, kamar mai kiran wanda ke ɗaki na kusa. Sai ta sake faɗa. A karo na uku muryar ta karye, ta kifa fuska a mayafi, kukan da ba ta yi ba ranar uku ya zo. Ridwanu ya dafa goshi a ƙasa yana nasa. Ni na rubuta sunan a layi na biyar, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Da ta natsu ta share fuska, ta tambayi Barista ko takardun kotu suna ɓata. Ya ce ba sa ɓata. Ta ce ke nan wata rana Umaima za ta iya karanta cewa kakarta ta rantse ubanta maci amana ne. Ya ce za ta iya.

"To a bar shi," ta ce. "Ba zan karɓo sunan uwar in ɓata na uban ba."

Barista ya yi mata bayanin cewa tana iya yin sabuwar rajista da wani suna, wannan karon da katinta da hotonta. Ta ce ta ji. Ta ciro kwalin takardun mannawa daga jaka ta ajiye. Na ƙirga don wasiƙar miƙawa, ɗari uku da goma sha biyu. Ta tambaya ko doka ta hana ta riƙe ɗaya. Barista ya ce muddin ba a jikin roba ba. Ta zaɓi ɗaya, ta bi ta da babban yatsa, ta naɗe a gefen zane. Na gyara lissafin zuwa ɗari uku da goma sha ɗaya.

Da za ta fita, Ridwanu ya matsa gefe ya ba ta hanya. Ta tsaya daidai kansa ba ta dube shi ba, ta ce ya riƙa cin abinci. Ita ce magana ɗaya da na san ta taɓa yi masa ba ta bakin kowa ba.

Na yi mata sabuwar rajistar da sunanta, Azumi Shamsuddeen, takardar ta fito a watan Afrilu. Na kira ta sau huɗu, kowanne na rubuta. Ta ce za ta zo, ba ta zo ba. Ta ci gaba da ƙulla yaji a leda ga masu tsire biyu-uku har zuwa Babbar Sallah. Bayan sallar ta ba maƙwabciyarta turmin, ta mayar da makullin ɗakin daka, ta hau motar Katsina ranar shida ga Yulin 2024. Tana Malumfashi a gidan ƙaninta, kuma an ce ba ta daka. Umaima tana wurin ubanta a Agege, yakan kai ta can lokacin dogon hutu. Bai sake aure ba zuwa yau. Yajin Mufida yana kantuna, ana kuma sayar da shi a intanet. Takardar rajistar Inna Azumi tana fayil mai lamba ɗari biyu da saba'in da huɗu, a aljihun kabad na uku, ba a karɓa ba.